Makullin Motar Baba

Ranar da Baba ya sake goga motarsa a jikin ƙofar gareji, ni dai cewa na yi a ƙwace makullin kawai. Idonsa na hagu ya yi hazo, likita ma ya faɗa, amma wa ya isa ya ce wa mutumin da yake aikin direba tun kafin a haife mu ya daina tuƙi? Tsorona kar wata rana ya kaɗe ɗan mutane.

"Yau zan ɗauke makullin nan in ɓoye," na ce wa Yaya, babbarmu, muna wanke-wanke a kicin.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "To, kin ɓoye. Shi kuma sai ya yi me?"

"Ya haƙura mana."

"Baban? Zai sa a yanko masa wani, ya daina gaya mana inda za shi. Ke kuma sai ki yi me?"

Haka Yaya take, wani lokacin har haushi take ba ni. Tun tana ƙarama Baba ya koya mata ces, darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai, shi ke nan abin ya bi jikinta. Ba ta ɗaga ƙafa sai ta auna abin da ɗayan zai yi. Ni kuwa da na taɓa zama gaban allon, kifar da shi na yi.

"Auta, a ces ba a cin sarki," in ji ta. "Hanyoyi ake tare masa a hankali, har mai shi ya gani, ya kwantar da shi da hannunsa. Mahaifinmu ne fa, ba za mu tozarta shi ba."

Washegari ta same shi a falo, ta marairaice, wai abin kunya ne a ce 'yar direba guda ba ta iya mota ba, ya daure ya koya mini. Ni ce abin kunyar! Baba kuwa ya ji daɗi, ya koma kujerar mai zaman banza yana zazzaga mini faɗa. "Ke da giyar nan gaba kuke yi ne?"

Daga nan duk inda za shi, asibiti ne, wurin aski ne, gidan abokinsa ne, sai Yaya ta ce ai ga damar darasi ta samu. Amma ta hana ni taɓa sauran. Shi ke duba mai da ruwa da safe, shi ke ɗumama inji, makullin kuma a aljihunsa yake kwana. Da na yi ƙorafi sai ta ce, "Bar masa ƙananan, babban muke nema."

Wata ranar muna dawowa daga aski, wata mata ta shigo titi ta hagu riƙe da hannun ɗanta. Na taka birki.

"Me kika tsaya yi?" Baba ya daka mini tsawa. Sai da suka gifta ta gabanmu sannan ya gan su.

Da la'asar ya sa aka fito da allon, suka zauna shi da Yaya. Sun yi nisa sai ya ce, "Tun ranar da kika ce in koya wa Auta mota na san inda kika dosa. Ni fa na koya miki wasan nan."

Yaya ta sunkuyar da kai. "To me ya sa ka biye mini, Baba?"

"So nake in ga ko za ki yi gaggawa. Ba ki yi ba."

Ya sa yatsa ya kwantar da sarkinsa, alhali wasan bai ma ƙare ba. Ya zaro makullin ya ajiye a gefensa, ya turo mini.

"Gobe za ki kai ni asibiti. Kuma ki daina taka mini kuloci kamar mai kashe kyankyaso."

Na juya in yi wa Yaya kirari, don wallahi ban taɓa jin girmanta irin na ranar ba. Sai na ga ta ɗauki sarkin nan ta tayar da shi tsaye, tana kuka.