Ihun Alhamis a Hillat Mahmudu

A shekarar 2004 aka kafa dish a kan rufin nadin Hillat Mahmudu, wani ƙauyen Hausawa a bakin tur'a, wato magudanar ruwan noma, yamma da garin Hasahisa a yankin Jazira. Nadin ɗaki ne guda mai rufin kwano, da bencina da talabijin, inda maza ke taruwa idan an taso daga gona. Kafin zuwan dish, yammacin Alhamis na Maliki ne. Shi ke kawo kaset na tsofaffin finafinan dodanni marasa kala, ya tsaya gefen talabijin yana faɗa wa mutane da Hausa abin da ke faruwa. Bayan zuwan dish, ko benci ɗaya ba ya cika.

Aikin Maliki buɗe wa gonaki ruwa ne da rufewa. Ba ya jin Turanci, bai kuma taɓa cewa yana ji ba. Tun yana saurayi yake kallon finafinan nan a silima marar rufi, kuma saboda mutum ɗaya yake zuwa: wani ɗan wasa da bai san sunansa ba, yake kiransa Dogo. Ko an shafe Dogo da taɓo, ko an manna masa gashi har ido, Maliki na gane shi, domin kafaɗarsa ta hagu takan sauka kafin ya juya. Yakan ce sauran 'yan wasa da baki suke aiki, shi kuwa Dogo an rufe masa fuska, sai ya koma yi da yatsu.

Ranar Litinin Nuraddeen, ɗan ƙanwarsa kuma shugaban matasan nadin, ya same shi a bakin tur'a.

"Ya Kawu, samari sun yi magana. Alhamis akwai kokawa a dish, mai kala."

"Kokawar da anka shirya wanda za ya faɗi?"

"Naka dodon fa, da gaske yake mutuwa?"

Maliki ya ci gaba da cire ciyawa daga ƙofar ruwa.

"Halas, shi ke nan, Kawu," in ji Nuraddeen. "Wagga Alhamis ita ce ta ƙarshe. In bencinan sun cika, ranar taka ce. In ba su cika ba, bidiyo ya koma kwali."

Maliki ya zaɓi fim ɗin da ya fi so, na wani mai fito da ya nutse a kogi, ya taso bayan shekaru jikinsa duk laka, yana neman gidansa. Matsalar ita ce lasifikar talabijin ta tsufa, sai zuza take kamar ƙudan zuma. Ya je wurin Jibo, mai kayan sautin biki, ya roƙi aro. Jibo ya zo ranar Alhamis bayan azahar ya jona wayoyi yadda ya saba jonawa a nadin. Cikinsu har da wayar babbar lasifikar da ke kan rufi, wadda ake sanar da rasuwa ko zuwan ruwa da ita. Maliki bai lura ba, yana can yana toshe tagogi da buhunan auduga don ɗakin ya yi duhu.

Bayan la'asar aka tada janareta. Waɗanda suka zo tsofaffi ne 'yan kaɗan, ɗayansu ma barci ya kawo shi. Nuraddeen ya jingina da ƙofa ya harɗe hannu, kwalin bidiyon na ajiye a gefen ƙafarsa. Maliki ya dubi bencinan, ya gyara hularsa, ya fara.

Farkon fim ɗin shiru ne, sai motsin ruwa da iska. Dogo ya fito daga kogi a hankali, ya bi hanya har ƙofar wani gida. Wata mata ta buɗe taga ta gan shi, ta kurma ihu.

Ihun ya fita ta lasifikar kan rufi, ya ratsa ƙauyen har gonakin dawa.

A Jazira, idan aka ji ihun mace ba a tsayawa tambaya. Kowa zai ɗauki abin da ke hannunsa ya ruga inda sautin ya fito. Faza'a ake kiran wannan, kuma wanda ya zauna gida ranar faza'a za a daɗe ana tuna masa. Masu dawowa daga gona suka juya da fartanya da lauje. Masu shan shayi a gindin dogonyaro suka watsar da kofuna. Barakatu, matar Maliki, ta fito da taɓarya, mata na biye da ita. Alhaji Sambo, shehun ƙauyen, wanda rabonsa da gudu tun kafin ya je Makka, ya iso yana haki da sandarsa.

Nuraddeen ne ya fara ganinsu. Bai samu damar magana ba, suka ture shi suka shiga.

"Wa anka kama?"

"Ina matar take?"

"Ɓarawo ne ko kura?"

Jibo ya gane abin da ya yi, ya lallaɓa ya zare wayar. Idanun mutane suka saba da duhu, suka ga matar a cikin talabijin, baƙi da fari, hannunta a baki. Alhaji Sambo ya buga sanda a ƙasa.

"Maliki! Da furfurarka za ka tada gari don wasan Turawa?"

Barakatu ta ce, "Malam, na bar tuwo bisa wuta."

Maliki ya san idan ya kashe bidiyon ya ba da haƙuri, shi ke nan. Ya kuma san abin da ke zuwa a fim ɗin. Bai taɓa na'urar ba.

"Alhaji, ku gafarce ni, kuskure ne. Amma kun zo ceton matar nan. To ga wanda ta gani. Ku dube shi tukuna."

A talabijin Dogo na tsaye a ƙofar gidan, laka na ɗiga daga jikinsa.

"Wanga gidansa ne," in ji Maliki, da muryar da yake ba da labari. "Shi ya gina shi. Bai san shekaru sun wuce ba. Ku dubi hannun."

Dogo ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Hannun ya tsaya a iska. Yatsun suka buɗe, suka shafa katakon ƙofar daidai inda wani tsohon ƙusa yake, kamar mai laluba fuskar ɗansa. Sai kafaɗar hagu ta sauka, ya juya.

"Kun gani? Ba ya da fuska, ba ya da magana. Amma kun ji abin da ya ce."

Wani ya jingina fartanyarsa da bango ya zauna. Na kusa da shi ma ya zauna. Aka matsa wa Alhaji Sambo wuri a bencin gaba, ya ce shi ba zama zai yi ba, numfashi kawai zai mayar. Mata suka cika bakin ƙofa, wasu suka ɗage buhunan taga suna leƙe. Samarin kokawa da suka biyo faza'a ba su samu benci ba, suka zauna a ƙasa.

Can gaba mutanen garin cikin fim suka fito da sanduna suna neman Dogo. Wani daga baya ya ce, "Ga mu nan!" Ɗakin ya fashe da dariya, har da Alhaji. Da suka rutsa shi a bakin kogi, dariyar ta ɗauke.

"Ku bar shi mana!" in ji Barakatu, taɓarya na hannunta. "Mi ya yi muku?"

Dogo ya shiga ruwa da baya, yana kallon gidan har ruwan ya rufe shi. Fim ya ƙare daf da magariba.

Alhaji Sambo ya miƙe ya karkaɗe jallabiyarsa.

"Shi wanga mutum, yana da rai?"

"Ina jin ya daɗe da rasuwa, Alhaji."

"Ya iya aikinsa." Ya nufi ƙofa, ya waiwayo. "Akwai wani nasa?"

"Akwai wanda yake mai gadin maƙabarta."

"To. Amma ka cire lasifikar rufi. Da ƙafata zan zo, ba da gudu ba."

Nuraddeen ya tsaya yana duban bencinan da mutanen da ke tattara fartanyoyinsu.

"Kawu, wallahi wannan zamba ce."

"Ka ce su cika. Sun cika ko ba su cika ba?"

"Sun cika."

"To mayar da kwalin inda ka ɗauko shi."

Alhamis ta gaba ba a yi ihu ba, sai da aka aro tabarmi daga gidan Alhaji. Dogo ya fito da wata fuskar dabam, da rawanin tsumma da fitila a hannu. Kafin Maliki ya buɗe baki, wani saurayi daga ƙasa ya nuna talabijin.

"Shi ne! Ku dubi kafaɗar!"

Maliki ya ja kujera ya zauna, ya bar su suka kalla.