Ramar Teema

Ni Fausia, ban taɓa shuka abu ya ƙi ni ba sai a Plumstead, unguwarmu a London.

'Yata Teema tana da ciki wata huɗu, komai ta ci sai ya dawo. Likita ya ce in ta ci gaba da zubewa haka, kwantar da ita za a yi. Ita kuwa abu ɗaya ranta ke so: kwaɗon rama, irin wanda ta ci a Kano tana yarinya. Busasshiyar da na samo a kasuwar Woolwich ko kallonta ba ta yi ba. Sai na sa aka aiko min da iri daga gida, na shuka a robobin yogot, na jera su a tagar kicin.

Sun fito, amma fitowar ban haushi. Karan siriri kamar zare, wasu sun yi zaƙwal sun kwanta wajen gilashi, wasu ko tsawon yatsa ba su kai ba. Na ƙara ruwa, na ƙara taki, abin sai gaba yake yi. Raina ya ɓaci sosai.

Na ɗauki roba biyu na nufi wani shagon kayan shuka a Catford. Mai shagon, Sumani, ɗan zangon Kumasi ne da ya daɗe a London. Da ya ga ganyen mai yatsu-yatsu sai ya leƙa ƙofa, ya rage murya.

"Hajiya, kai ma?"

Ban gane ba, na ce, "Ni ma. Ka ga duk sun rame."

"Haske ne bai isa ba, shi ya sa yana miƙa wuya. Ka sa fitila kusa da kan shi, ka riƙa juya roba kullum. Gajere ka ɗora shi kan wani abu ya kamo dogo. Ka rage ruwa, ka sa ƙaramin fan. Amma ka rufe labule, kar neighbour ya yi reporting."

"Reporting ɗin me? 'Yata zan dafa wa, ciki gare ta."

Sumani ya janye fitilar da ya riga ya miƙo min. "Mai ciki? Hajiya, ka ji tsoron Allah. Wiwi ga mai ciki?"

Na dube shi sama da ƙasa. Ni da na je Makka, ni za a kalla a ga mai noman wiwi! Na tsinki ganye ɗaya na miƙa masa.

"Tauna."

Ya tauna da ƙyar. Tsamin ya kama shi, fuskarsa ta yamutse, sai kuma ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce kakarsa tana miya da shi, masu noman wiwi da ke zuwa shagon nan ne suka ɓata masa ido. Ya ba ni haƙuri ya fi a ƙirga, ya kai min fitilar har bakin bas.

Na bi abin da ya faɗa, sai dai labule ban rufe ba, duk mai son kallo ya kalla. Na sauya musu manyan tukwane, na ƙara ƙasa a gindinsu. Cikin 'yan makonni karan ya yi kauri, kawunan suka daidaita, ganye ya yi shar. In na shiga kicin sai in tsaya ina kallonsu, ina jin kaina yana fasuwa.

Ranar da na yanka, na tafasa na matse, na daka ƙuli-ƙuli, na zuba albasa da ɗan man gyaɗa. Na ajiye wa Teema kwanon, na koma bayan ƙofa riƙe da bokitin aman da muka saba da shi.

Na daɗe a tsaye ina jiran ta ƙwala min kira. Abin da na ji kawai shi ne ƙarar cokali yana kankare gindin kwano.

"Mama, is there more?"

Na ajiye bokitin, na goge idona da gefen mayafi, na ɗauko wuƙa, na nufi sauran ramar.