Buhun Dankali a Bakin Tafki

Tun muna firamare Aaron yake ba ni labarin tafkin garinsu. Wai yana can kan dutse a Filato, ruwansa sanyi ƙalau, in ka leƙa sai ka ga gajimare a ciki. Ni na bar makaranta da wuri na kama tuƙi, shi ya wuce har jami'a, amma ban daina zuwa gidansu a GRA ba. Babarsa, Mama Martha, har kwano ta ware min.

Da babansa, Baba Samuel, ya yi ritaya aka ce su tashi daga gidan gwamnati, ni na samo musu motar kayan ubangidana. Muna ɗaure katifu Aaron ya ja ni gefe.

"Jamilu, na san Katsinar nan ta ishe ka. Kawuna yana da gareji a Jos. In mun je ka zauna kawai, a samo wanda zai mayar da motar."

"Ka yi masa magana?"

"Haba, kai ma! Bar min wannan."

Na haɗa jakata na cusa bayan kujera. Inna ta biyo ni har zauren gidanmu a Gobarau.

"Mi kake nema a garin mutane wanda babu a nan?"

Na ce mata, "Komai." Na ga maganar ta soke ta, ban janye ba.

Bayan asuba muka kama hanyar Kano. Baba Samuel da Mama suna gaba a tsohuwar Fijo, ni da Aaron muna bin su da kaya. Ramuka, shingen bincike, sai ramuka kuma. Taya ta fashe kafin Saminaka, na canza ta a cikin rana yana riƙe min ruwa yana tsokanata, wai hannun Bakatsine sai damun fura. Amma da hanya ta fara hawa, iska ta yi sanyi, sai surutunsa ya ragu. Duk sanda na ambaci gareji sai ya ƙara muryar rediyo.

Muka ratsa Jos ba mu tsaya ba.

"Ina garejin?"

"Mu fara sauke kaya a ƙauye."

Can gaba Fijo ta tsaya a wata mararraba. Baba Samuel ya leƙo ta tagata. "Ɗana, za mu ɗan ratse. Ba zai yiwu ka zo har nan ba ka ga tafki ba."

Hanyar ba ta motar kaya ba ce. A giya ta ɗaya na hau, kabad ɗin Mama yana kuka a baya, inji yana wari. Da muka kai sama na kashe mota, na sauka.

Aaron bai yi ƙarya ba. Ruwan yana kwance a tsakiyar dutse kamar an zuba shi a ƙwarya, kore a gefe, baƙi a tsakiya, ga gajimare a ciki. Ban taɓa jin wuri shiru haka ba. Na wanke fuskata, sanyin ya shiga har haƙorana. A raina na ce, duk ranar da babu aiki nan zan riƙa zuwa.

Sai na ji Mama tana ciniki da wasu mata masu tallar dankalin Turawa a bakin hanya. Ta sa aka cika buhu, aka ɗinke bakinsa, aka ɗora a gaban motata.

"Wannan tsarabar Inna ce. In ka isa gobe ka gaishe ta da kyau, ka ce mun gode."

Ba a ba mai zama tsaraba. Na juya na dubi Aaron. Yana jifan ruwa da tsakuwa.

"Ba su ma sani ba, ko?"

"Kawu ya ɗauki wani yaron ƙauyenmu tun wancan watan. Na rasa yadda zan faɗa maka."

"Amma ka san yadda za ka sa in hau da kayanku kan dutsen nan."

"Jamilu, ba haka ba ne."

"To yaya ne, Malam Haruna?"

Haka nake juya sunansa da Hausa in raina ya ɓaci. Baba Samuel ya miƙo min wayarsa ya ce in ɗauke su hoto. Na ɗauka, ya fito da kyau.

Washegari na dawo da mota fayau, buhun yana zaune a kujerar Aaron. Na iske Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi jakata, ta kwance bakin buhun, ta ɗauki dankali ɗaya tana jujjuyawa.

"Wannan ne babu a Katsina?"