Tsohuwar Ƙwallon Zahur

A Lahore ta wancan zamanin, kowa ya san sabuwar ƙwallon kurket ce take lanƙwasa a iska. Da zarar ta tsufa, ta sha ƙasar filinmu mai taurin daɓe, ta zama saliha ke nan, mai bugu ya yi ta jibgarta har la'asar. Sai ga Zahur Cima, mai jifan kulob ɗinmu, ya zo da sabon salo. Ƙwallo ta koɗe ta fita hayyacinta, ya jefo ta da ƙarfi ta miƙo sak, sai ta zo dab da mutum ta karkato ciki ta kwashe sandunan da yake karewa.

Ni nake tsugunawa bayan sandunan nan ina cafe wadda ta wuce, saboda haka na fi kowa gani, kuma hankalina bai kwanta ba. Da ma ni mutum ne da ko gaisuwa aka cika mini fara'a sai na taɓa aljihuna. Me ya sa yake rufe ƙwallon da hannun hagu in ya taho a guje? Me ya sa ya hana mu damƙe ta a tafin hannu, sai da yatsu kamar mai ɗaukar mushen ɓera? In na tambaya sai ya yi dariya, ya kira ni Paji, wato yaya.

"Paji, kai dai ka cafe. Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba."

A shekarar nan wani banki zai ɗauki mai jifa guda ɗaya a ƙungiyarsa, da aikin ofis a kai. Zahur ga mata ga goyo, ba aikin yi, duk ransa yana kan gurbin nan. Abokin takararsa shi ne Tanwir, ɗan ƙanen kyaftin ɗin kulob ɗin Mozang, Caudari Riyasat. Tanwir ya fi shi ƙuruciya da gudun jifa, amma in ƙwallo ta tsufa ba shi da dabara.

Ranar da muka kara da su, wakilin bankin yana zaune a inuwa. Caudari ne yake bugu, Zahur ya jefo, sandar tsakiya ta yi tsalle. Doka ta fitar da shi ke nan, amma Caudari ya ƙi fita, ya juya wurin alƙalin wasa.

"Kazi Sahib, a caje shi! Murfin kwalba yake kankare ta da shi. Yaushe tsohuwa ta fara rawa?"

Aka zazzage aljihun Zahur, aka duba farcensa, hularsa, har ƙugun wandonsa, babu komai. Na ji kunya ta kama ni, don ni ma na miƙa wuya ina leƙe.

Da aka tashi shan shayi, Caudari bai bari ta kwanta ba. Yana cin samosa yana cewa, "Rashin gani ba rashin yi ba ne. Wanda hannunsa yake da tsabta ya nuna mana yadda yake yi." Wakilin bankin ya juya cokali a kofi, ya ce su dai ba sa ɗaukar wanda ake shakkar hannunsa.

A nan zargina ya sauya gida. Mutumin da aka cuta ba ya cin samosa da irin wannan nishaɗi. Na ja Zahur gefe.

"Kada ka nuna. Wallahi akwai lauje cikin naɗi."

"Paji, babana liman ne a unguwar Icra. In koma gida da sunan maha'inci? Da wane ido zan kalle shi?"

Ya karɓi wata tsohuwar ƙwallo daga jakar alƙali, ya tsaya a tsakiyarsu. "Ku gani. Wannan gefen gumi da gugar wando, har ya yi sheƙi. Wancan a bar shi a bushe ƙasa ta ci shi, ko danshin hannu kada ya taɓa. Sabuwa tana gudun gefen sheƙi, tsohuwa kuwa binsa take yi. Amma sai da ƙarfin jifa."

Ya goge ta, ya jefa, ta karkata. Ya sake, ta sake. Aka yi tafi, alƙali ya dafa kan Zahur, Caudari ya nemi gafara a gaban kowa. Ni kuwa Tanwir nake kallo. Shayinsa ya huce a hannunsa, idonsa na kan wuyan hannun Zahur.

Ranar gwajin banki, Tanwir ya taho a guje ya rufe ƙwallo da hannun hagu. Tasa ta fi ta Zahur gudu, ta fi ta karkata. Kafin azahar an ba shi gurbin.

A bakin ƙofar fili Caudari ya tare mu, ya rungume Zahur.

"Puttar, ɗana, kada ka riƙe ni a rai. Wallahi ko sau ɗaya ban zaci kana ha'inci ba. Ai mai murfin kwalba ba abin da zai nuna. Na san gidan da ka fito."

Zahur ya ce, "Na gode, Caudari Sahib," don haka aka tarbiyyantar da shi. Na ɗaukar masa jaka muka taka zuwa tashar bas, raina yana tafasa.