Ƙahon da Aka Miƙar

Da rana tsaka suka faɗo mana shago, ko sallama babu. Kura ne da 'yan dabansa, kuma na can baya, mai riƙe da gora yana kallon ƙasa, yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wallahi da na gan shi ji na yi kamar in sheƙa masa ruwan wanke tagulla a fuska.

Baba gyaran kayan busa yake yi, begila da ƙahonin 'yan badujala. Ni ce mai zuga wuta da gogewa tun da Yaya ya watsar da sana'a ya bi titi. Doka ɗaya Baba yake da ita, kowa ya sani: kaya ba ya fita daga shagonsa sai shi ya fara gwadawa.

Kura ya nuna bango da wuƙa. Akwai wani tsohon ƙaho da ke rataye, ya girmi kakanmu, ba shi da madanni ko ɗaya, bututu ne kawai a nannaɗe kamar gammo. Baba kan ce da can miƙaƙƙe ake ƙera su, tsawon ne ke ba da murya, daga baya aka naɗe su don mai doki ya rataya a kafaɗa. Ashe wannan hirar shashashan Yayana ya kai majalisarsu, wai in aka miƙe shi ya fi ɗaki tsawo.

"Tsoho, miƙe mana shi," in ji Kura. "Bindiga za mu ɗaura. Gobe muna da baƙi daga tsallaken titi."

Baba ya ce, "Ɗana, ba bututun famfo ba ne. Fallen tagulla ne aka naɗe aka liƙe. Taɓa nan, ka ji ɗinkin? Iskar baki aka yi shi ya ɗauka. Ka zuba albarushi, ta nan zai yage."

Kura ya dunƙule hannu ya kai masa a baki. Haƙoran gaba suka zubo kan teburi cikin ƙusoshi. Na yi kukan kura na ɗauki guduma, wani ya murɗe min hannu ta baya har sai da kafaɗata ta yi ƙara. Kura ya damƙi tsintsiyar hannuna ya ja ta saman tukunyar dalma, tana tafasa, zafin yana cin gashin hannuna.

"Yaya!" na ce. "Kana gani?"

Yana gani mana, matsoracin banza. Ko motsi bai yi ba.

Baba ya tofar da jini ya ce a sake ni, zai yi. Ya sauko da ƙahon, ya yanko kamu guda, ya ɗura masa dalma don kada ya lotse, da ta daskare ya danna shi a kan gungume yana miƙarwa a hankali, sannan ya narkar da dalmar ta tsiyaye. Ina zuga wuta ina kuka, a raina kuma ina cewa Allah Ya sa bindigar ta fashe a fuskar Kura. Ba zan ɓoye ba, har daɗi na ji.

Suka ɗaure shi a ƙota da waya, suka toshe gindin, suka cusa albarushi da guntayen ƙarfe. Muka fita bayan shago inda muke zubar da toka. Kura ya juya abin a hannu, ya shafa ɗinkin da babban yatsa, ya yi murmushi. Mugu ne, amma ba wawa ba ne.

Ya miƙa wa Yaya. "Kai ka kawo labari. Kai za ka fara."

Yaya ya karɓa. Ya fi kowa sanin ɗinkin nan, a kansa ya koyi gogewa. Ya ɗaga ya kara a kumatu, idonsa a rufe.

"Kai, tsaya," in ji Baba, maganar na fita da ƙyar ta kumburarren baki. "Yaushe kaya ya taɓa fita daga shagona ban gwada ba? Kawo nan."

"Baba, don Allah..." in ji Yaya.

Baba ya fizge, ya ture shi da kafaɗa, ya juya mana baya, ya kai wa albarushin garwashi.

Ƙarar ta toshe min kunne. Bututun ya tsage tiryan-tiryan ta ɗinkin. Kafin hayaƙi ya washe su Kura sun tsallake katanga. Baba na kwance cikin toka, hannun dama babu yatsa ko ɗaya, sai tafi kawai, na hagun kuma ba zan faɗa ba. Na yage ɗankwalina ina ɗaurewa, Yaya ya durƙusa yana ihu yana buga kansa da ƙasa.

Jini ya rufe wa Baba ido, ba ya gani. Ya juyo inda yake jin numfashina.

"'Yar nan," ya ce, "duba min yayanki. Bai same shi ba ko?"

Na duba. Ko ƙwarzane babu.