Gyaran Babur ɗin Amiru

Mijina Sagiru makanike ne, kuma a duk Zangon Wagadugu ba wanda zai ce ya taɓa mayar masa da aiki. Garejinsa yana bakin unguwar Kuluba, kusa da inda aka rushe gidajen iyayenmu. Ni sunana Rasmata. Uwata 'yar ƙabilar Mosi ce, ubana Bahaushe, kuma tun ina 'yar lakkol, wato makarantar boko, nake hawa babur kamar kowace mace a garin nan. Dangin babana idan sun zo daga Nijar suka gan ni a kan babban babur da hular kwano, salati suke yi. Ni kuwa sai in ƙara murɗa masa wuta, su samu abin ba da labari a gida.

Mu huɗu ne muke fita yawon babur: ni da mijina, da Fa'izu mai aikin ofis, da Amiru mai kilishi. Fa'izu shi ne sarkin tsari. Tafiyar 'yan kwanaki sai ya share wata yana tsara ta a ƙarƙashin dogon yaron gareji, waya a hannu, Faransanci na zuba: ina za a sha mai, ina za a yi azahar, wa ke da ɗan'uwa a Boromo da za a sauka wajensa. Amiru ya ce a'a, shi ya ce a'a ɗin ce a'a, shayi ya huce a sake ɗorawa. Wallahi har yau ban san wanda ya fi daɗi ba tsakanin shirin da tafiyar.

Mun kuwa ga ƙasar nan. Mun ratsa gonakin raken Banfora da hantsi, iska na kumbura mana riguna, Amiru a gaba yana waƙa da muryarsa mara daɗi. Mun tsaya ƙarƙashin ruwan da ke zubowa daga dutse har Fa'izu ya jiƙa takardunsa yana zagin kowa. Mun je Dori, mun je Po. Wata shekara muka yi gabas, muka wuce Fada har ƙauyen su Amiru, dab da iyakar Nijar. Mahaifiyarsa Inna Habi ta yanka mana zabbi, ta dube ni sama da ƙasa cikin wandon tafiya, ta ce, "Wanga yaro mi as sunanshi?" Sai da ta ga na rasa inda zan sa kaina ta kwashe da dariya, ta ɗaura mini zanenta. Tsohuwa ce mai baki, ba ta iya magana ba tsokana, kuma na so ta tun ranar.

Doka ɗaya gare mu, Amiru ne ya kafa ta, ranar da birkin Fa'izu ya ƙi kamawa a gangaren Sindu muka tsamo shi cikin ƙaya. Nan bakin hanya ya sa kowa ya rantse: ba mai fita tafiya shi kaɗai, kuma ba babur ɗin da zai bar gari sai Sagiru ya duba ya ce ya yi. Ni da Fa'izu mukan yi ƙunƙuni. Amiru kuwa ko jiya ya sa taya, in Sagiru ya ce a canja, canjawa yake. Yadda ya yarda da liman a kan salla, haka ya yarda da mijina a kan inji.

Sai ƙasar ta fara tsukewa. Arewa ta rufe, gabas ta bi. Mutanen daji masu bindiga suka riƙe hanyoyi, garuruwan da muka sha fura a cikinsu suka koma sunaye a rediyo. Mu da muke keta ƙasa muka koma zuwa Lumbila cin kifi, inda yara ke zuwa da keke. Duk da haka Fa'izu sai ya tsara ta, har da inda za a tsaya hutawa, don kada mu ji mun mutu.

Wata safiya Amiru ya zo gareji bai ko kashe babur da kyau ba. Ƙanensa ya hau tudun da ake samun layin waya ya kira shi: Inna Habi ta kwanta, ba ta tashi, kuma shi take kira.

Fa'izu bai ɓoye masa komai ba. Ya ce bayan Fada motoci sai sun jira rakiyar soja, kuma ba wanda ya san ranar tashinta, ga ƙauyen ba a kan kwalta yake ba. Ya ce namiji a kan babban babur a wannan daji ba shi da ɗan'uwa: mutanen daji babur ɗin suke so, soja kuma mai shi suke zargi.

Amiru ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Na ji. Ban ce kowa shi bi ni ba. Rantsuwar da munka yi, in yi kaffara in tahi ni ɗai. Kai dai Sagiru duba mini moto."

Mijina ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Sannan ya ce, "Ba wata kaffara. Tare za mu. Ajiye shi nan in duba."

Na ji alfahari da shi, ba zan yi ƙarya ba. Aka ce ni in zauna saboda 'yarmu Su'ada, ban yi musu ba don tsoro nake ji. Shiri ya kankama kamar da. Fa'izu ya kawo hanyoyin ƙauye da za a bi a kauce wa kwalta, aka yi gardamar jarkar mai, Amiru ya ɗaure kilishi da magunguna da turmin atamfa na Inna. Fuskarsa ta saki, har waƙar nan tasa ta dawo.

Babur ɗin ne dai ya ƙi. Da farko Sagiru ya ce sarƙa ta saki. Aka sa sabuwa. Ya zaga da shi bakin madatsar Tangin ya dawo yana girgiza kai, ya ce yana shaƙewa in ya yi zafi. Aka wanke karbireta, aka canja buji, wato fulogi, aka ce ana jiran wani ƙarfe daga Lome. Amiru ya bar teburin kilishinsa ya tare a gareji, yana miƙa sifana, yana tambaya kamar mai jinya a asibiti.

Da ya matsa, aka ce to a gwada shi zuwa Lumbila. Muka fita mu huɗu da safe, sararin sama fes, ga ƙamshin ƙasa bayan ruwa. Na ɗan manta da komai, na buɗe wuta na wuce Fa'izu ina masa gwalo. Ba mu yi nisa da barin gari ba babur ɗin Amiru ya yi tari ya mutu. Ya taka, ya taka, har gumi ya jiƙa masa riga. Muka ja shi da igiya zuwa wajen mai kifi. Fa'izu ya yi ta zuba labari yana dariya da ƙarfi fiye da kima, Amiru kuwa ko loma bai kai baki ba.

"Ka gani?" in ji Sagiru. "Da a bayan Fada ya yi maka haka fa?"

"Ara mini naka," in ji Amiru.

"Takardun ba sunanka ba ne," Fa'izu ya yi caraf ya amsa. "Shingen farko za su sauke ka, mon frère. Daga nan kuma sai dai mu yi ta nemanka."

Gaskiya ya faɗa, amma saurin amsar ya tsaya mini a rai. Kuma ni na san kukan inji. Babur ɗin Amiru tsoho ne, amma ba mai ciwo ba ne.

Bayan kwana biyu na kai wa mijina benga da rana, shinkafa da wake, lokacin Amiru ya tafi masallaci. Na tarar da shi tsugune, gwangwanin da yake zuba matattun kaya a gabansa. Ina kallo ya cire kwayil mai lafiya daga babur ɗin Amiru ya sa a aljihu, ya zaɓo ƙonanne a gwangwani ya ɗaura.

"Baban Su'ada, me nake gani?"

Bai ɗago ba. "Ajiye abincin ki tafi."

"Ba inda za ni. Kai da Fa'izu kuka ƙulla wannan?"

Ya miƙe, idanunsa ja. Ya ce in tuna Hamadu direban albasa, maƙwabcinmu, da aka sauke daga mota a wannan hanya, har yau matarsa ba ta san ko takaba za ta yi ko jira ba. Ya ce, "An gaya masa gaskiya, kina wurin. Me ya ce? Kaffara. Gaskiya ba ta tsayar da Amiru. Wannan ne ke tsayar da shi." Ya nuna mini ƙonannen kwayil ɗin.

Raina ya ɓaci irin wanda ban taɓa ji ba a zamanmu. Na ce, "Uwarsa ce. Ransa ne. Wa ya ba ka? Da ka ce masa ba za ka ba, tsoro kake ji, da na ɗauke ka namiji. Amma ka zauna kana shan shayi da shi, kana zana masa hanya, mutumin da in ka ce masa tayarsa murabba'i ce zai yarda?"

"In ya tafi ba zai dawo ba, Rasmata."

"Watakila. Amma shi zai zaɓa, ba kai ba."

"To ki je ki gaya masa. In aka kawo labarinsa, ke za ki shiga wajen matarsa."

Nan ya kama ni, don ni ma ba na so Amiru ya tafi. Amma na ce masa na ba shi zuwa Juma'a ya faɗa da bakinsa, in an sauko masallaci bai faɗa ba, ni zan faɗa. Na bar masa abincin a ƙasa na tafi. Kwanakin nan ko gaisuwar kirki ba mu yi a gida ba.

Ba a kai Juma'ar ba. Ranar Alhamis da hantsi ƙanen ya sake hawa tudu. An riga an binne Inna Habi.

Aka yi sadaka a gidan Amiru a cikin Zango. Maza a tabarmi a waje, mu mata a ciki muna zuba masa da zomkom, ruwan gero na baƙi. Ina bakin zaure da tire na ji Amiru ya roƙi liman alfarma bayan an shafa. Ya ce akwai wanda yake so a sa a addu'a: Sagiru, da ya ajiye aikin mutane ya kwana ya tashi a kan babur ɗinsa, ya kuma yarda ya bi shi inda ba mai zuwa. Liman ya ɗaga hannu, Zango duka ta ɗaga. Aka roƙa wa mijina albarka a sana'arsa, aka roƙa masa abokai masu amana irinsa. Fa'izu ya sunkuyar da kai har gemunsa na taɓa ƙirji. Na ce amin, don ban san abin da zan ce ba.

Da mutane suka ragu, Amiru ya jawo mijina cikin zaure inda nake tattara kwanoni. Ya rame, muryarsa ta dushe. Na ajiye tiren. Na yi niyyar magana, Allah ya sani, amma Amiru ya riga ni.

"Laihina ne," ya ce. "Shekara nawa kana ce mini moton ga ya tsuhwa, in sake wani, ina jan ƙahwa. Ni na hana kaina ganin Inna."

"Amiru..." in ji Sagiru, sai Amiru ya katse shi.

"Bari in gaya muku, ban gaya ma kowa ba. Kiran ƙarshe, ɗaukar ta sunka yi har bisa tudu a amalanke don ta ji muryata. Ta ce, ka taso? Na ce moto ne, Inna, ana gyara. Ta ce, ashe moton naka ya hi ni ciwo. To zamna ka yi jinyarshi." Ya juya ya kalli bango. "Dariya ta yi. Amma na san Inna. Ba ta yarda ba. Ta tahi tana zaton tsoro ni ji, na laɓe bayan moto ina mata ƙarya."

Mijina ya ja da baya. Ya zame jikin bango ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska, ya fashe da kuka irin na yara, kukan da ban taɓa jin ya yi ba ko ranar da ubansa ya rasu. Na tsaya da maganata a baki. In na faɗa, na raba Amiru da aminansa ranar da ya rasa uwa. In na yi shiru, zai ɗauki laifin da ba nasa ba har kabarinsa. Na tsani mijina a wannan lokaci, na kuma ji tausayinsa kamar raina zai fita.

Amiru ya durƙusa ya kama hannuwansa, hannuwan nan masu baƙin mai a farce, yana lallashinsa.

"Haba ɗan'uwa, bar kuka," ya ce. "Kai da ka yi iyakar ƙoƙarinka."