Igiyar Jirgin Merv

"Koma ka kwanta, Merv!" na ce, na tare ƙofarsa da jikina, jaririyata Tilly a kafaɗa.

Maƙwabcina ne, shekararsa tamanin da ɗaya. Tun makon jiya likita ya sallamo shi gida, don babu sauran abin da za a yi masa. Amma ga shi tsaye da wandon barci, yana jan bututun numfashinsa, wai zai je ya ɗaure jirginsa na sama. Rediyo ta ce guguwa za ta iso mana kafin ƙarfe huɗu.

Jirgin ɗan ƙarami ne mai kujera biyu, da hannunsa ya ƙera shi a tsohuwar rumfar askin tumaki. Nauyinsa bai kai na saniya ba. Yana ajiye a fili, taku arba'in daga ɗakin yarana. In iska ta ɗauke shi, na san inda zai sauka.

Na miƙa wa 'yarsa Glenys jaririyar, na ɗauki guduma da turaku, na kira wayarsa, na jefa tawa a aljihu da muryarta a buɗe. Glenys ta turo gadonsa bakin taga.

Muryar Merv ta fito daga aljihuna: "Juya hancinsa yamma, ta nan za ta ɓullo. Ɗaga wutsiyar ki tura, ba ya cizo."

Na juya shi. Na kafa turaku uku a karkace, na tokare tayoyin da katako, na ɗaure sandar tuƙi da bel ɗin kujera. Sannan na ja igiyar fiffike da iya ƙarfina, yadda nake ɗaure kaya a bayan mota.

"Ke Shona! Damin ciyawa kika samu? Sassauta!"

"In sassauta? 'Ya'yana na bayan bangon nan, tsoho!"

"Igiyar rama ce. Da ta sha ruwa za ta tsuke, ta fizge ƙarfen fiffiken, shi ke nan ya tashi." Tari ya sarƙe shi, na tsaya ina jira. "Bar mata faɗin tafin hannu, yarinya. Ki yarda da ni."

Na sassauta.

Kusan awa guda aka yi ana iska da ruwa. Na riga na karɓo Tilly na koma gida, na tara yarana a ɗakin wanka, ina leƙe ta 'yar taga. Kwanon akurkin kajina ya tashi, ya wuce ta saman shinge. Jirgin ya yi ta girgiza, igiyoyin suka jiƙe, suka miƙe daidai, bai gusa ba.

Da iskar ta lafa na tsallaka gidan Merv. Glenys na tsaye a baranda, idanunta jajir.

"Ya gani har ƙarshe," ta ce. "Ya ce in gaya miki ƙullinki muni gare shi, amma ya riƙe. Daga nan ya rufe ido. Ko shure-shure bai yi ba, Shona."

Na zauna a kan matakala. Can a fili, wasu aku masu jan ƙirji sun sauka a kan fiffiken, suna shan ruwan da ya kwanta.